Wule a Gindin Marke

Gusau, ƙarshen damina

Zuwa ga Adama, baiwata da ta gudu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ya gajiyar jirgi, ya baƙunta? Mu nan lafiya lau, sai alheri. Ruwa na ta sauka, gero ya fid da kai.

Kada ki ga rubutun hannu ki ce Ɗahiru ya koma zamanin kakanni. Ba ki daɗe da tashi ba aka kashe layukan waya a Zamfara kaf saboda sha'anin tsaro, waya ta koma tocila. An rufe makarantu, har tawa ta Tsafe, ga ni zaune a Gusau ina kallon kajin mutane. Wadda ta cece mu ita ce Mama Rifkatu, mai gidan da nake haya. Tana zuwa Funtuwa saro kayan shagonta, can kuwa akwai layi. In na rubuta, ta ɗauki hoton takardar ta tura miki, in kin amsa kafin ta juyo ta zo min da amsar. Ta ce in gaya miki ita ba ta karanta wasiƙar mutane, kuma rubutuna ko ta so ma ba zai karantu ba.

To, 'yar ruga da ta tafi koya wa mutanen wata duniya Turanci! Ranar Juma'a na je ruga can bayan Bungudu, tsohona, kawunki, ya zaunar da ni in sake yi masa bayanin wannan shiri naku. Na ce shekara guda ce, ki koyar da yara, su ba ki ɗaki da abinci, in an yi hutu ki zaga ki ga ƙasa, shi ya sa ake ce masa hutu da aiki. Ya ce shi a iya saninsa hutu daban aiki daban, in ban da kiwo, wanda mutum ke yinsa a tsaye kamar ba ya komai. Sai ya tambaya ko Kirgistan ɗin gaba take da Makka ko baya. Na ce gaba. Ya ce to in gargaɗe ki ki juyo yamma in za ki yi salla, kada ki ba Ka'aba baya.

Saniyarki Wule tana nan ta yi ɓul-ɓul, farin goshinta sai ƙyalli yake, maraƙar tana bin ta. A ƙa'idar taubasantaka, ni ɗan namiji, ke 'yar mace, abin baiwa na ubangijinta ne, amma na bari sai kin dawo mu yi shari'a.

Akwai 'yar magana. Yaya Aliyu yana cewa ko a ɗan matsa da shanu kudu bana, wai wurin ya ɗan yi zafi. Ba wani abu ba ne, kin san shi da gaggawa. Kawunki ya ce a tambaye ki tukuna. Ya ce tun ranar sunanki mahaifiyarki, marigayiya Goggo Balkisu, ta ba ki kakar Wule, kuma shi bai taɓa ɗaga saniyar wani daga inda mai ita ya bar ta ba sai da bakin mai ita. Me kika ce?

Ubangidanki,
Ɗahiru

*

Wani ƙauye a bakin tafki, Kirgistan

Zuwa ga Ɗahiru, ubangidan da ba shi da ko akuya,

Wa alaikumus salam. Takardarka ta same ni ina tsakiyar darasi, sai da na fita waje na karanta, don kada yara su ga malamarsu tana dariya da hawaye lokaci guda. Lafiyata ƙalau, sai ɗan murar sauyin iska. Ka gaishe min da Kawu, ka ce alƙiblata daidai take. Ka gaishe da Mama Rifkatu, Allah Ya saka mata da alheri, Ya kiyaye hanya.

Ban san ta inda zan fara ba. Har yanzu in na farka sai in ɗan jima a kwance ban buɗe ido ba, ina jiran in tuna a wace ƙasa nake. Ƙauyen yana bakin wani tafki da ba a hango ƙarshensa, shuɗi kamar ruwan marina, kuma sun ce duk tsananin sanyi ba ya daskarewa. Bayansa duwatsu ne. In ka ɗora dutsen Kwatarkwashi a kan Kwatarkwashi ka ƙara wani, ba ka kai gwiwarsu ba, kuma kansu fari fat da ƙanƙara ko da rana tsaka. Da hantsi sai in tsaya a ƙofar makaranta ina kallonsu, in ga kamar fararen shanu ne suka kwanta a sama suna tuƙa, har sai wani yaro ya ja min mayafi.

Gidan wata tsohuwa aka sauke ni, Apa ake ce mata, wato Inna. Ba ta jin Turanci, ba na jin yarensu, amma muna hira har shayi ya huce. Musulmi ne, kuma makiyaya ne, abin da ba wanda ya gaya min ke nan kafin in zo. Har goɗiya suke tatsa, Ɗahiru, su bar nonon ya yi tsami su sha! Na sansana na ajiye, na ce Allah Ya ba su lada. Ranar da na karɓi bokiti na tatse mata saniyarta tas, tsohuwar ta kama yatsuna tana jujjuyawa, ta kira maƙwabta su zo su ga malamar Turanci.

Yarana kuwa, ranar farko ido suka zuba min, wata 'yar ƙarama ta zo ta shafa bayan hannuna ta duba yatsanta. Littafin da aka ba ni cike yake da jiragen ƙarƙashin ƙasa da manyan kantuna, abin da ni da su duk ba mu taɓa shiga ba. Sai na rufe shi, na zana saniya a allo, na sa mata farin goshi. Aji ya kaure. Da Wule na koya musu fari da ja, da ƙaho da wutsiya, da uwa da ɗiya. Yanzu kullum da safe sai sun tambaye ni da Turancinsu mai ɗingishi ko Wule ta kwana lafiya.

Maganar da ka kawo, Yaya Aliyu dama ƙafarsa ba ta rabo da ƙaiƙayi. Ni dai abin da ke riƙe da ni a nan shi ne in rufe ido in ga marken nan namu na bakin gulbi, inda Innata take zama ta yi tatsa, ga Kawu a kan buzunsa, ga Wule a ɗaure tana kaɗa wutsiya. Duk sanda kewa ta taso min can nake zuwa, in zauna in huta, in dawo in shiga aji. In aka ɗaga ta ban san inda zan riƙa zuwa ba. Ka ce wa Kawu don Allah kada Wule ta bar gindin marke sai na dawo. Shekara kwana ce.

Mai saniya,
Adama

*

Gusau

Adama,

Sallama da gaisuwa. Ya murar? Ki riƙa shan citta in akwai ta a ƙasar masu shan nonon doki. Mu nan lafiya lau.

Na kwafe takardarki na kai ruga na karanta wa kawunki. Wurin tatsar goɗiya sai da ya sa na maimaita, ya yi dariya har rawaninsa ya zame, ya ce ashe akwai Fulanin da suka fi mu rashin ji. Duwatsun nan naki ma sun shige shi, ya yi ta kallon gabas kamar zai hango su. Da na zo kan maganar marke sai ya gyara rawaninsa. Ya ce, "Ɗiyar Balkisu ta yi magana." Ya ɗauki butarsa ya tafi alwala.

Yaya Aliyu ya tashi da garke, da mata da yara, sun bi burtali sun yi kudu. Kawunki ya ce su yi gaba, shi zai ɗan tsaya da Wule da maraƙarta. Yana lafiya, yana cin abinci. Ina kai masa gari da goro in na samu mota, don mai ya yi wuya kwanan nan. Da kin ga wurin da kin yi waƙa, ke mai son irin waɗannan abubuwa. Inda bukkoki suke sai zagaye-zagaye a ƙasa, ciyawa har ta fara rufe su. Balbelu sun zo neman garke ba su samu ba, duk suka taru a kan Wule, ta zama sarauniya. Wurin dai shiru, amma da sauƙi.

Ko za ki sake duba maganar nan? Gusau ma akwai inuwa. Ba don komai ba, na dai ce in faɗa.

Ɗahiru

*

Bakin tafki

Ɗahiru sarkin wayo,

Na amsa gaisuwa, mura ta tafi. Apa ta dafa min wani ganye da kitsen rago, na sha don kunya, kuma ga shi ya yi aiki.

Wai Gusau ma akwai inuwa! Inuwar wa, ta mahautan kasuwa? Tun muna yara kake rantsuwa sai ka sayar da saniyata ka sayi babur, yanzu ka ga na yi nisa ka zo da lallami. Na gane ka, ahir ɗinka. Maganata tana nan inda na ajiye ta.

Wallahi har kishin Kawu na ji da na karanta. Shi kaɗai da marke da gulbi da balbelu, ba kukan yara, ba gardamar Yaya Aliyu. Na san shi, hutun da ya ce bai sani ba ne ya samu. Na zana wa yarana shi a allo, tsoho a kan buzu da farin tsuntsu a kafaɗa, muka yi darasin yau da shi: yana zaune, yana jira, yana murna. Wani yaro ya tambaye ni me yake jira. Na ce ni.

Yanzu ga ɓangaren hutu ya zo. An tashi makaranta na ɗan lokaci don kowa zai hau dutse a sauko da dabbobi kafin ƙanƙara ta rufe hanya. Tun bazara 'ya'yan Apa suke can sama da dawaki da tumaki, a cikin wasu ɗakuna masu zagaye na gashin tumaki, irin bukkokinmu sak, sai dai sun fi namu ɗumi. Apa ta ce da ni za a je, har an zaɓa min wani doki tsoho wanda ba ya gudu ko an roƙe shi. Sun ce can sama akwai wani fili da gajimare ke wucewa ta ƙasanka, ka leƙa ka ga bayansa. Ina so in ga bayan gajimare, Ɗahiru. Tun ina bin Inna da ƙwarya nake tunanin yadda yake.

Can babu layi, to mun yi daidai, kowa ya ɗanɗana. In ka ji shiru kada ka ce an sace maka baiwa. Ka shafa min goshin Wule.

Adama

*

Gusau

Adama,

Assalamu alaikum. Yau ba zan ce miki lafiya lau ba. Na fara rubuta shi, Mama Rifkatu tana tsaye a kaina tana jiran takarda, ta miƙo hannu ta zare biron. Ta ce, "Malam, mu a coci in ana so a yi wa mutum addu'a, sai an faɗi abin da ke damunsa." Ta kuma ce ba za ta ƙara bin hanyar Tsafe da ranta a hannu don ta kai ƙarya ba.

Kin san yadda aka raine mu, ba a aika wa matafiyi mugun labari, ko mutum na shure-shuren mutuwa sai a ce da sauƙi. To ga shi ba sauƙi. Ba ƙaiƙayin ƙafa ne ya tayar da Yaya Aliyu ba. Mutanen daji sun kore shanun rugage biyu da ke kusa da tamu, sun tafi da wani magidanci, har yau ba labarinsa. Duk wanda ke bakin gulbin nan ya tashi. A cikin gari kuma an fara cewa duk wanda ya zauna a daji lafiya, to da sanin mutanen daji ya zauna. Kin ga tsohon nan gaba kura baya sayaki, kuma shi kaɗai ne, daga shi sai sanda da buta.

Na roƙe shi. Na kai masa limamin da suka yi karatu tare ya roƙe shi. Na ce masa ke ba ki san halin da ake ciki ba ne, mafarkinki kawai kike faɗa. Ya ce, "Saniya tata ta, magana tata ta. Marainiya ta bar min amana guda ɗai, in tashi don tsoro? Ba ni tashi sai da bakinta." Daga nan ko na yi magana sai ya ɗauko zancen ruwan sama.

Ba babur nake so ba, Adama. Ubana nake so. Ina jin tsoro, ban taɓa jin irinsa ba, duk sanda na sauka a Bungudu na kama hanyar ruga sai in yi ta addu'a har sai na hango farin rawaninsa. Ki rubuto kalma ɗaya, ki ce a kwance ta. Mama Rifkatu za ta jira amsa.

Ɗahiru

*

Gusau

Adama,

Gaisuwa. Kawunki yana raye, wannan ne labarin lafiyar da nake da shi.

Mama Rifkatu ta zauna a tashar Funtuwa da waya a hannu har motar ƙarshe ta cika, ba amsa. Ta sake komawa ba don kaya ba, nan ma shiru. Na san kina can bayan gajimare, ba laifinki ba ne, amma sai da na yi fushi da ke, na yi fushi da duwatsun, har da dokin da ba ya gudu.

Sai na yi dabara. Na zauna na rubuta takarda da kaina, na kai masa na ce ga saƙon Adama. Na karanta masa cewa kina gaisuwa, kin ji halin da ake ciki, kin yarda a tafi da Wule duk inda ya dace. Ya saurara har na kai aya, yana ɓare goro. Sannan ya ce, "Ɗahiru, wagga takarda ba duwatsu cikinta?" Ya ce ɗiyar Balkisu ko wuta aka aike ta ɗebowa sai ta ba da labarin sama kafin ta miƙo. Bai yi min faɗa ba, ya ma ba ni rabin goron. Kunya kamar ƙasa ta tsage in shige.

Jiya mun ji harbi daga ƙetaren gulbi da rana tsaka. Wule ta ɗaga kai, shi ko bai ɗaga ba. In kin sauko, ki rubuto da irin bakinki.

Ɗahiru

*

Bakin tafki

Ɗahiru, ka karanta wa Kawu wannan daga farko har ƙarshe, kada ka tsallake komai.

Kawu, ina gaisuwa, ina durƙushe. Ga duwatsu nan don ka san ni ce. Na hau su, na ga bayan gajimare, fari ne kamar kindirmo a ƙwarya, ba komai a kansa sai inuwar tsuntsu. Ranar da za mu sauko na ga an kwance ɗakin Apa, an naɗe shi an ɗora wa doki, ba a bar komai ba sai zagaye a ciyawa. A wurin ta haifi 'ya'yanta, amma ta hau dokinta tana faɗa da jikanta a kan wata tukunya, ko waiwaye ba ta yi ba. Ni ce baƙuwa na tsaya ina kallon wurin.

Muna kaiwa inda layi yake, takardu biyu suka shigo min tare. A bakin hanya na karanta su, tumaki suna wuce ni ta ko'ina. Kawu, ni nan ina rufe ido ina hutawa a inuwarka, ashe kai a rana na tsayar da kai. Har zana ka na yi a allo na ce wa yara kana murna. Ka yafe min.

Na janye maganata. Da bakina, ni Adama ɗiyar Balkisu, na ce ka kwance Wule, ka kama maraƙarta, ka bi Ɗahiru duk inda ya ce, yau ba gobe ba. In hanya ta ƙi da saniya, ka sake ta ka tafi, na yafe ta duniya da lahira. Na san ba zan dawo in tarar da marke yadda na bar shi ba, watakila ma ba zan ƙara zama a gindinsa ba. Na yi kukana a kan wannan na gama, Apa ta riƙe min kai ba ta san ko na mene ne ba. Zan koyi zama a nan ba tare da wurin zuwa ba. Amma ba zan iya koyon zama ba kai ba, na riga na yi na Inna, ya ishe ni.

Ɗahiru, kai kuma sai na dawo. Da sauƙi, ko? Allah Ya sa wannan ta same ku a kan lokaci. Ba zan ajiye wayar nan ba sai na ji daga gare ku. Ka ce wa Mama Rifkatu ba ni da bakin gode mata.

Adama

*

Gusau

Zuwa ga Adama,

Assalamu alaikum. Lafiya lau, kuma wannan karon Mama Rifkatu ta gani ta bar min birona.

Ko gida ba ta shiga da kayanta ba ta miƙo min wayar. Washegari da sassafe ina ruga. Na karanta wa kawunki tun daga kindirmon gajimare, yana gyaɗa kai, ya ce awo, wagga ita ce. Da na kai inda kika ce za ki koyi zama ba wurin zuwa, sai ya ce in dakata. Ya daɗe yana kallon marken. Na ɗauka addu'a yake, sai na ji ya ce in miƙo masa gatari.

Raina ya ɓaci, na ce Baba rana na yi, mu kama hanya. Bai kula ni ba. Ya zaɓi wani reshe mai kauri, wanda ya sunkuyo daidai inda Goggo take zama, ya sare shi, ya sassabe, ya fiƙe masa baki ɗaya. Sannan ya naɗe buzunsa, ya kwance Wule, ya saɓa itacen a kafaɗa. An hana ɗaukar shanu a mota yanzu, don haka a ƙasa muka taho tun daga Bungudu, muna bin gefen titi, shi a gaba, Wule a bayansa, ni da maraƙa muna jan juna. Na yi na yi ya ba ni itacen in ɗauka, ya ƙi. Ya sauya kafaɗa ya fi a ƙirga, kin san marke da nauyi. Balbela guda ta raka mu har kusa da gari kafin ta haƙura.

A shingen shiga Gusau aka tsayar da mu, tsohon Bafillace da saniya a wannan lokaci, dole a yi tambaya. Ashe Mama Rifkatu tun hantsi tana wurin da lemarta. Ta ce baƙonta ne, saniyar kuma ta 'yarta ce da ke koyarwa a ƙasar waje, in akwai magana a zo gidanta. Aka bar mu muka wuce.

Bayan gidanta akwai ɗan fili inda take shuka alayyafo da yakuwa. Ta tuge su tas tun kafin mu iso, ta ce miya ba ta fi mutum ba. Na kawo wa kawunki ruwa, ƙafafunsa duk sun kumbura, ya ce in ajiye tukuna. Ya zaga filin, ya duba gabas, ya sa na haƙa rami, ya kafa itacen nan da hannunsa, ya danna ƙasa da diddige har ya tsaya ƙyam. Ya ɗaure Wule a jiki. Ya shimfiɗa buzunsa a gefe, ya zauna, sannan ya karɓi ruwan.

Yanzu haka nan yake wuni. Jikokin Mama Rifkatu sun koyi shan madara da ɗuminta, ni kuma ubangida guda na koma mai yankan ciyawar saniyar baiwata. Yaya Aliyu ya aiko sun sauka lafiya. Ana ta cewa an kusa maido da layi a cikin Gusau, in ya tabbata ki kira da hantsinmu, lokacin tatsa, ki ji ta da kunnenki, ki samu abin gaya wa yaranki.

Ɗazu na ce masa zan rubuto miki, ko yana da saƙo. Ya dafa turken nan, ya ce:

"Ka ce wa ɗiyar Balkisu, in kewa ta taso mata ta rufe ido ta taho. Wule na nan gindin marke."

Naki,
Ɗahiru